Abin Da Ke Bayan Kwalin

Sunkuye ake ce masa, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. In kun haɗu a hanya kai idonsa kake nema ku gaisa, shi kuwa idon yana kan ƙafarka. Kafin ka gama tambayarsa gajiya ya riga ya gane dunduniyarka ta hagu tana cin takalmi ta waje, kuma bakinsa ba zai bar shi ba, sai ya faɗa maka. Matarsa kan ce ranar da suka fara haɗuwa bai san ko fara ce ko baƙa ba, amma ya koma gida da lambar takalminta a ka. Shi kuma ya ce ai ga shi bai yi zaɓen tumun dare ba.

Ɗinkin takalma ne sana'arsa, amma ba irin waɗanda ake jerawa a kasuwa ba. Nasa na mutanen da kasuwa ba ta san da zamansu ba ne: wanda shan inna ya taɓa, da wanda aka haifa da ƙafa a murɗe, da wanda haɗarin mota ya rage wa tsawon ƙafa ɗaya. A 'yan shekarun nan kuma masu ciwon sukari ne suka fi yawa, waɗanda ƙafarsu ta daina jin komai. Shagon ɗan ƙarami ne, benci ɗaya, keken ɗinki ɗaya, ƙafafun katako a rataye jikin bango, ga warin gam da fata da ke bin mutum har gida. Bango ɗaya ya raba shi da mai gyaran waya, wanda duk layin ke kira Injiniya.

Mahaifiyarsa ce silar shigarsa wannan aiki. Ƙafarta ta dama ba ta kai ta hagu ba, ita da kanta take yanka tsohuwar taya ta ɗaure a ƙarƙashin silifa don kada ƙugunta ya dame ta. Ya tashi yana kallon wannan tayar. Yana da shekara goma sha bakwai ya kai kansa wani ɗakin aiki a bayan asibiti, wurin wani tsoho mai faɗan tsiya, ya ce a koya masa. Shekara tara ya yi a can. Takalmin farko da ya gama da hannunsa na mahaifiyarsa ne, ta sa ta zagaya tsakar gida sau uku, ta zauna ta yi kuka.

A wurin tsohon ya koyi yadda ake ɗaukar sawu. Za a shafa wa mutum baƙin man takalmi a tafin ƙafa, ya taka farin kwali da duk nauyinsa, sannan a zagaye ƙafar da fensir. Inda nauyi ya fi sauka wurin ya fi baƙi. Ba a rubuta komai a wannan fuskar, ko ɗigo, don kada rubutu ya cakuɗe da tabo. Sai an juya kwalin ake rubuta sunan mai ƙafa da duk abin da sawu ba ya nunawa: tudun da za a ƙara, inda ƙashi ya taso ta sama, inda ɗinki ba zai taɓa fata ba. Tsohon kan ce, "Gaban kwali na ƙafa ne, ita ke magana. Bayansa naka ne." Akwai kuma wata maganar da yake maimaitawa har ta gundure su. Ya ce wanda takalminka ya matsa ya dawo ya zage ka, ka gode masa. Wanda ba ya jin zafi shi ne abin tsoro, domin ba zai dawo ba sai ɓarna ta gama aukuwa.

Da Sunkuye ya buɗe nasa shagon haka ya ci gaba. Kwali kan kwali, shekara ashirin da ɗoriya, har suka haura ɗari huɗu. Shagon ya kasa ɗaukarsu, ya kwashe su zuwa ƙaramin ɗakin da ke gidansa. Can ma ba su zauna lafiya ba. Rufin ya yi yoyo wata damina ya jiƙa jeri guda, gara kuma ta samu abinci. Matarsa ta yi magana har ta gaji. "Malam, 'ya'yanka huɗu a ɗaki ɗaya, ƙafafun mutane kuma sun samu ɗakinsu su kaɗai. Ko haya suke biya ban sani ba?"

Injiniya ne ya kawo mafita, kuma da zuciya ɗaya ya kawo ta, wannan kam ba za a ɗora masa ba. Ya nuna wa Sunkuye wata manhaja a waya da ake ajiye hotuna, a ƙarƙashin kowane hoto kuma akwai wurin rubutu. Ko waya ta faɗa ruwa, ko an sace ta, kayanka na nan.

"Nawa ake biya?" in ji Sunkuye.

"Kyauta ne, Baba."

"Har yaushe?"

Injiniya ya yi dariya. "Baba, kamfanin nan ya fi wata ƙasar kuɗi. Mu ne za mu tafi mu bar shi."

Wata biyu Sunkuye ya yi yana wannan aiki tsakanin ɗinki da ɗinki. Ya shimfiɗa kwali, ya ajiye rula a gefe don a san girma, ya ɗauki hoto. Sannan ya juya kwalin ya kwafe abin da ke baya da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, a wurin rubutun. Bai ɗauki hoton bayan ba. Fensirin ya dusashe, kyamara ba ta kama shi sosai, kuma Injiniya ya ce in an buga rubutun ne za a iya neman mutum da suna, hoton rubutu kuwa ba ya nemuwa. Magana ce mai ma'ana, kowa zai yarda da ita. Da ya gama, wata safiyar Asabar, suka tara kwalayen a bayan gida shi da matarsa suka cinna musu wuta. Ya tsaya har suka cinye, ransa ba daɗi, amma da yamma an riga an shigar da gadon yara ɗakin.

Shekara shida abin yana tafiya kamar ba za a mutu ba. Rumbu yake ce wa manhajar, bai taɓa riƙe sunanta na gaskiya ba. Ya buga haruffa uku, ƙafa ta fito da bayaninta, Injiniya ya fitar masa da hoton a takarda daidai girmansa, ya hau aiki. Mutanen da suka yi ƙaura zuwa wasu garuruwa ba sai sun zo ba, saƙo kawai za su aiko. Sunansa ya tafi: Sunkuye ba ya awo sau biyu. Yana jin daɗin wannan magana fiye da yadda yake nunawa.

Cikin masu aiko saƙon akwai Malama. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a tsaye, ta ƙare a shugabar makaranta, ta yi ritaya da ciwon sukari da ƙafafun da ba su san sanyi ba, ba su san zafi ba. Ta taɓa wuni da marfin kwalba a cikin takalmi ba ta sani ba sai da aka ga jini a safa. Sau ɗaya tak ta zo shagon, kafin ta koma garin da babban ɗanta yake aiki, tafiyar wuni guda a mota. Ranar ta gyara masa rubutun allon shagonsa, ta ce harafi ɗaya ya ɓace, ta kuma tsaya sai da ya kawo fenti. Tun daga nan duk shekara Direba, mai motar haya da ke bin hanyar, yake kawo saƙonta ya koma da sabon takalmi. Bayan kwalinta layi biyar ne.

Sanarwar ta zo wa Sunkuye sau uku a waya, doguwar takarda cikin Turancin lauyoyi. Biyun farko ya share su tare da tallace-tallace. Ta uku ta ƙi sharuwa, ya leƙa wurin Injiniya. Injiniya na tsakiyar buɗe wata waya, ya karanta layin farko da na biyu ya ce za su rufe tsohuwar manhajar ne su mayar da kowa sabuwa, wadda ta fi kyau, kuma su da kansu za su kwashe wa mutane hotunansu. Ya danna inda aka ce a danna ya miƙo masa wayar. Duka-duka abin bai ɗauki minti ɗaya ba.

Bayan wata biyu, wata safiya, wani tela mai shan inna ya zo ya zauna a benci. Sunkuye ya ɗauko waya, sai ya ga Rumbu babu, wata mai launin ruwan goro ta zauna a wurinta. Ya buɗe. Hotuna na nan, ɗari huɗu da ɗoriya, ko ɗaya bai ɓata ba. Ya buga sunan telan, aka ce ba a samu komai ba. Ya buɗe hoto ɗaya ya duba ƙarƙashinsa, wayam. Ya buɗe na biyu, na goma, na hamsin. Sabuwar ba ta da wurin rubutu sam. Ya ce wa telan ai ƙafa na canjawa da shekaru, gara a sake awo.

Kwana uku Injiniya ya ajiye aikinsa yana nema. Babu ofis, babu lambar da mutum zai ɗauka. Akwai dai wani akwatin tambaya da na'ura ke amsawa, ta gode maka da ka tuntuɓe su, ta turo maka bayanin da ba shi ka tambaya ba, sannan ta tambaye ka ko amsar ta gamsar da kai. A rana ta uku ya koma kan tsohuwar sanarwar ya karanta ta har ƙasa. Can kusa da ƙarshe, da ƙananan haruffa, an ce rubuce-rubucen da ke ƙarƙashin hotuna ba za su bi su ba, mai so ya sauke nasa cikin kwana sittin. Kwana sittin ɗin sun cika da kwana tara.

"Baba, ka yafe mini," in ji Injiniya. Ya kasa ɗaga kai.

"Kai ka ƙona kwalin?" in ji Sunkuye. "Ni na ƙona."

To, sun faɗa kam, ba wanda zai ce ba su faɗa ba. Amma don Allah wanda zai rushe maka ɗaki, a layi na arba'in yake sa maganar? Abin da ya fi ci wa Sunkuye rai ma shi ne ƙwarewar sabuwar. Fuskoki take ganewa, ta tara maka hotunan kowane mutum wuri ɗaya. Shi nasa ta duba ta ce ba ta ga fuska ba. Wani lokaci yana cikin yankan fata sai wayar ta yi ƙara, ta jero masa sawun bayin Allah guda shida da ɗan kiɗa mai taushi, wai ya tuna baya.

Bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Na kusa duk wanda ya zo sai ya sake masa awo da wannan magana ta ƙafa na canjawa. Gaskiya ce, kuma mafaka ce. Ya sayo sabon kwali ya koma gidan jiya. Yana fatan na nesa su yi jinkirin aikowa har ya san yadda zai yi.

Ran Litinin sai ga Direba, da wata hularsa da ta sha rana, yana ta sauri kamar kullum. Ya ce Malama na gaisuwa. Ta je dubiya wani gida ta cire takalmi a ƙofa, da ta fito babu shi.

"Wane mara rabo ne zai ɗauki takalmin da ɗaya ya fi ɗaya tudu?" in ji Sunkuye.

"Oho, yana can yana ɗingishi," in ji Direba. Ya ce kwananta tara ke nan a ɗaki, ɗanta ya hana ta taka ko tsakar gida. Ga shi akwai matan unguwa da take koya wa karatu kowace safiya a wata rumfa, sun zauna suna jira. Ran Alhamis zai koma da sabon takalmin.

Bayan azahar Sunkuye ya rufe ƙofar shago rabi ya zauna da waya. Yana turawa yana dubawa, ƙafa bayan ƙafa. Wajen na ɗari biyu da wani abu ya tsaya. Faffaɗar dunduniya, baƙin tabo a gindin ƙaramin yatsa na dama, da wani siririn farin layi a tafin hagu inda marfin kwalbar nan ya bar tabonsa. Ita ce, ko a gaban alƙali zai rantse. Ya ji wani daɗi ya ratsa shi, ya ce a ransa su riƙe rubutunsu, idonsa na nan.

Sai ya ɗauki fensir don ya dawo da layi biyar ɗin. Ba ta jin zafi, ɗaya ke nan. Soso ninki biyu. Tudun santimita ɗaya a dama. Kada ɗinki ya fito ta ciki. Huɗu. Ya tsaya da fensir a sama. Ya san akwai na biyar, yana ma ganin yadda layin ya ɗan karkata ƙasa don wuri ya ƙare, amma abin da ke cikinsa ya ƙi zuwa. Shekara shida yana karanta shi daga waya yana aikatawa, bai taɓa ajiye shi a ka ba don bai ga dalili ba. Ga tsohon takalmin da zai duba ya tafi da ɓarawo.

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa tana tsinke ganye a tire. Ta ce, "Kira ta mana. Ka ce ɗanta ya ɗauki hoton ƙafar ta sama ya turo. Minti nawa ne?"

Ya kira a gabanta. Malama ta ɗauka da muryar nan tata ta aji, suka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da ajin da kowa yake.

"Malama, na ce ko akwai inda ke damun ki a ƙafar?"

"Ni da ba na jin komai? Ai kai za a tambaya, Malam Sunkuye. Ka fi ni sanin ƙafar nan." Ta yi 'yar dariya. "Jiya nake gaya wa ɗana, duk duniya kai kaɗai ne mutumin da ban taɓa maimaita wa magana ba. Likitocin nan kowane zuwa sai sun sake tambayata tun daga farko."

Maganar tana bakinsa, wallahi tana bakinsa. Ya haɗiye ta. Ya ce in sha Allahu ran Alhamis takalmi zai taso, suka yi sallama.

Matarsa ta ajiye tiren. "Malam, me ka yi ke nan?"

"Ki bari. In na fara aiki hannuna zai tuna."

"In bai tuna ba fa?"

"So kike in ce mata na zubar da abin da ta ba ni ajiya? Gobe duk wanda ke aiko saƙo ya ji?"

"Girman kai dai rawanin tsiya," in ji ta. Ta ɗauki tirenta ta shige ciki.

Ba girman kai ne kaɗai ba, kunya ce ta fi yawa, amma a wurin ƙafa duk ɗaya ne. Kwana biyu ya yi a kan takalmin. Ya zaɓi fatar da ta fi laushi a shagon, ya goge kowane ɗinki ta ciki, ya zura hannu ya shafa ya sake shafawa. Hannun bai tuna komai ba. Takalmin kuwa ya yi kyau, ya fi duk waɗanda ya taɓa yi mata. Ran Alhamis ya kai wa Direba a tasha ya ce, "Ka ce mata ta riƙa duba ƙafar kullum da yamma. Ka ji? Kullum." Direba na ɗaure kaya a saman mota ya ce ya ji.

Mako na farko Sunkuye ya yi ta ɗaukar waya yana ajiyewa. A na biyu Direba ya leƙo ya ce Malama ta koma rumfarta, tana sa albarka. Hankalinsa ya ɗan kwanta, har ya ce wa matarsa, "Kin gani?"

A mako na uku wata mata mai sayar da yadi ta zo awo. Ya ɗora ƙafarta a gwiwarsa zai shafa mai, sai babban yatsansa ya sauka a kan wata gaɓa da ta taso a yatsanta. Nan take layin ya faɗo masa gaba ɗaya, har da karkatarsa: yatsan da ke bin babba a hagu ya tanƙware, a ɗaga rufi. Ya saki ƙafar matar ya miƙe. Rufin takalmin Malama daidai ya yi shi, irin na kowa. Kwana goma sha tara ke nan fata na gugar gaɓar nan a kowane taku.

Ya kira Malama, ɗanta ne ya ɗauki wayar. Ya ce suna asibiti tun shekaranjiya. Jikarta ce ta ji wari tana wanke safa.

Washegari da sassafe Sunkuye ya shiga motar Direba. Tafiyar wuni guda bai ci komai ba. Matarsa ta cusa masa abinci a leda, haka ya sauka da shi. Ya samu Malama a gado na uku daga ƙofa, ƙafar hagu a naɗe an ɗora ta a kan matashi. An cire yatsan da safiyar ranar. Likita ya ce an yi sa'a abin bai haura ba. Ɗanta na tsaye a gefen gado, da ya ji ko wane ne sai fuskarsa ta canja. Malama ta ɗaga hannu ta ce wa ɗan nata ya je ya nemo mata ruwan zafi.

Sunkuye ya durƙusa a ƙasa ya faɗa mata komai: kwalin da ya ƙona, da sanarwar, da layi na biyar, da ranar da ya kira ta ya kasa buɗe baki. Bai rage ba, bai kuma ambaci Injiniya ba. Ta saurare shi har ya gama.

"Ranar da ka kira ni ka riga ka san ka manta?"

"Na sani, Malama."

Ta kalli silin ta ce, "Shekara talatin da biyar abu ɗaya nake roƙon yara. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu. Masu ƙoƙarin ne ba sa ɗagawa." Ta juyo ta dube shi. "Na ji haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Da ka tambaye ni da na gaya maka, ai ina ganin yatsan kullum."

Ya ce Direba bai isar da saƙon a riƙa dubawa ba ne?

"Ya isar. Har sau biyu ya faɗa." Ta gyara mayafinta. "Na ce takalmin Sunkuye ne, me zan duba?"

Wannan maganar ita ta karya shi. Da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya kifa kai a bakin gadon, mutum mai shekara hamsin da biyar, har sai da mai jinyar gadon kusa ta kau da kai.

Ya dawo gida ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko. Ya kira duk na nesa da yake da lambarsu ya gaya musu bayanansu sun ɓata, kada kowa ya aiko sai ya zo da ƙafarsa. Wasu sun zo. Wasu sun ce to, ba su sake kira ba. Maganar Sunkuye ba ya awo sau biyu ta mutu a layin, ba wanda ya sake yin ta. Injiniya ya kawo masa labarin wata sabuwar manhaja, shi ma da sanyin jiki, Sunkuye ya ce ya gode. Ya sa kafinta ya yi masa kanta a shago, nesa da bango saboda gara.

Bayan wata biyu ciwon ya rufe, Malama ta aiko Direba ya ce wa Sunkuye ya zo. Ɗanta ya so a nemi wani mai ɗinkin takalmin, ta ce wani zai fara ne daga inda wannan ya fara, shi kuwa ya riga ya biya kuɗin makaranta. Sunkuye ya je da kwali biyu a jaka. A barandar gidan ya durƙusa ya shafa mata man a hankali, ɗanta ya riƙe ta ta miƙe ta taka. Da ta ɗaga ƙafar su uku suka tsaya kallon kwalin. Tabo huɗu, da farin fili tsakanin na farko da na biyu.

"Tsohon hoton yana nan?" in ji Malama.

Ya ce yana nan. Ya nemo shi ya miƙa mata wayar. Ta sa tabarau ta matso da ita kusa, ta bi saman hoton da yatsa tana taɓa su ɗaya-ɗaya, leɓenta na motsi.

"Biyar," ta ce. "Wannan kam sun ajiye mini shi."

Ta miƙa masa wayar. Ya juya kwalin a kan gwiwarsa ya ɗauki fensir. Ta ce ya rubuta da manyan haruffa, in ya gama ya karanta mata da ƙarfi, sannan ya kwafe a na biyun ya bar mata shi a nan. Ya rubuta sunanta. Ya rubuta layi huɗun da ya sani. Da ya zo na biyar ya tsaya, domin abin da layin yake karewa babu shi yanzu.

"Rubuta," in ji Malama. "A tambaye ta."

Ya rubuta, ya karanta mata, ya jawo kwali na biyu.